Rigar da Aka Cire wa Bahago

An yi wani mutum, kafinta, wanda Allah ya buɗa masa har ya zama yana da ma'aikata goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma 'ya'yansa suna shiga cikin mutane. Ma'aikatansa Maigida suke ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Ya 'yan uwa, ku fara sanin cewa mutumin nan ba mugu ba ne irin wanda kuke tsammani. Ba ya zagin ma'aikaci. Ba ya riƙe albashi. Idan matar wani ta haihu, shi ne na farko a ƙofar gidan. Kai, har abin da masu sana'a da yawa suke gudu shi ya yi, domin ya yi wa ma'aikatansa inshora, irin wadda idan mutum ya ji ciwo a bakin aiki kamfanin inshorar zai ɗauki maganinsa, in ya nakasa a biya shi diyya, a ci gaba da ba shi abin da zai riƙe iyalinsa. Takardar shaidar tana rataye cikin gilashi a saman teburinsa. Baƙo ba ya shiga ofishin ya fita bai nuna masa ita ba.

To mene ne ya kai irin wannan mutum ƙasa? Ku saurara.

Wurin aikinsa doguwar rumfa ce ta kwano. Garin katako ya rufe daɓen, in ka taka sai sawunka ya fito. Daga bakin ƙofa masu fenti ne, a tsakiya masu haɗa kaya, can ƙurya kuma babban injin tsaga katako, wanda in ya tashi sai ka kai bakinka kunnen mutum kafin ya ji ka. Wanda ke kan injin nan ana ce masa Bahago, don da hagu yake komai.

Bahago ya girmi Maigida da shekara shida. A hannun mutum ɗaya suka koyi sana'a, kuma Bahago ne ya fara kama hannunsa ya nuna masa yadda ake riƙe zarto. Da Maigida ya buɗe nasa wurin, Bahago ne ya fara bin sa, tun ko inji ɗaya babu. A gaban ma'aikata yana ce masa Maigida kamar kowa. In sun keɓe sai ya ce ƙanina, shi kuma ya ce Yaya. Matar Bahago kuwa ba ta ganin Maigida ba ta tsokane shi ba, ƙaramin mijina take kiransa, tana tambayarsa yaushe zai daina tumbi.

Mutum ne mai ban dariya. Ma'aikata sukan tare shi lokacin hutu su ce, shi da komai da hagu, da wane hannu zai karɓi littafinsa ranar ƙiyama? Sai ya ce musu su dai su damu da abin da aka rubuta a cikin nasu. Fensir a bayan kunnen hagu, in ya kalli katako sau ɗaya ya ja layi, ko ka sa ma'auni ba za ka sami kuskure ba.

Amma injin nan don masu aiki da dama aka ƙera shi. Akwai wani murfin ƙarfe da ke rufe haƙoran zarton, kuma daga ɓangaren da Bahago yake tsayawa murfin yana tare masa gani. Sai ya kwance shi ya jingina da bango. Ya gaya wa Maigida cewa akwai wani ɗan ƙarfe da ake saye a juya murfin ɗaya gefen. Maigida ya ce to, sai an ɗan samu sarari. Shekara uku sararin bai samu ba.

Ana nan sai wani babban kamfani da ke gina otal ya nemi wanda zai yi masa ƙofofi, na ɗakuna da na banɗakuna duka. Aiki ne wanda in ya shigo hannunka, ka fita daga sahun ƙananan kafintoci. Maigida ya nema, aka duba aikinsa aka yaba. Saura sharaɗi ɗaya. Sai ya kawo wasiƙa daga kamfanin inshorarsa mai shaida cewa shekara guda cur ba a yi hatsari a wurinsa ba. Ya kafa allo a bango, kullum da safe ya goge ya rubuta kwanakin da suka rage da alli. Ma'aikata har wasa suke yi da abin, in wani ya buge yatsa da guduma sai a ce ya yi shiru kada allo ya ji.

Ranar wata Talata da hantsi, allon yana nuna saura kwana tara.

Bahago yana tura wani katako mai ƙulli a ciki. Zarton ya ci karo da ƙullin, katakon ya yi tsalle, hannunsa ya wuce. Zarton ya tsaga tafin hagun tun daga gindin ɗan yatsa har kusa da wuyan hannu. Wani ya kashe injin. Maigida yana ofis, shirun da ya ji ne ya fito da shi.

Ina so in yi masa adalci. Da ya ga jinin, da gudu ya ƙarasa wurinsa. Ya cire hularsa ya danne ciwon da ita, ya sa aka kawo tsumma mai tsabta aka ɗaure, yana ta cewa sannu Yaya, sannu Yaya, ya manta da ma'aikata na kallo. Ya tallabe shi suka nufi mota. A bakin ƙofa ne idonsa ya sauka kan allon.

Ya tsaya.

Duk ma'aikatansa suna sa riga shuɗiya mai sunan wurin a baya. Ya dubi rigar da ke jikin Bahago, ya ce a cire masa ita, za ta takura shi. Ya aika aka ɗauko wata tasa da yake ajiyewa a ofis. Sai da aka yanka hannun shuɗiyar da almakashi kafin ta fita. Mutum goma suna tsaye. Babu wanda bai gane ba.

A mota ya yi maganar, idonsa a kan titi.

"Yaya, kwana tara ne kawai. In sun tambaye ka, ka ce a gida ne, kana gyara ƙofar kicin. Komai ni zan ɗauka. Ka san ni."

Bahago ya jingina kansa da gilashi, ya ce, "Kai dai tuƙa motar, ƙanina."

Akwai babban asibiti da inshorar ta ce a riƙa kai ma'aikata. Can akwai likitan hannu, amma can ɗin ne kuma za a ciko takarda a aika wa kamfanin, su turo mai bincike, mai bincike ya ga murfin jingine da bango. Sai Maigida ya karya kan mota ya shiga wani lungu, inda akwai ƙaramin wurin shan magani mai gado biyu. Aka wanke, aka ɗinke, aka yi allura. Ma'aikaciyar jinyar ta buɗe kati ta tambayi inda abin ya faru. Bahago ya dubi Maigida. Maigida ya dubi takalminsa.

"A gida," in ji Bahago.

Ta rubuta. Tana naɗa bandeji ta ce ya gode wa Allah da abin ya tsaya a hagu. Bahago ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, ita kuwa ba ta san me ta faɗa ba.

Ya 'yan uwa, ga inda maganar take. A cikin takardar da Maigida ya sa wa hannu da kamfanin inshorar, an rubuta cewa in hatsari ya faru, mai wurin ya sanar cikin kwana bakwai. In kwana bakwai suka wuce, haƙƙin ma'aikacin ya shiga haɗari. Maigida ya san wannan sarai, don shi ya karanta wa ma'aikata da bakinsa ranar da ya kawo takardar. Kwana bakwai na Bahago, kwana tara nasa. Kwana biyu ne tsakani. Kowace safiya a cikin bakwai ɗin nan wayar tana aljihunsa, lambar wakilin inshorar tana ciki.

Rana ta uku ma wakilin ne ya kira da kansa, a kan maganar wasiƙar. Suka gaisa, ya tambayi ma'aikata. Maigida ya ce kowa lafiya lau.

Rana ta biyar ya je dubiya da ledar lemo. Ya tarar da hannun ya kumbura har gwiwa, yatsun sun yi wani irin launi. Matar Bahago ta ce bai iya cin abinci ba tun jiya, kuma bandejin ya fara wari, ko a kai shi babban asibiti? Maigida ya ce kumburi ne na ɗinki, haka yake yi, zai turo da wani magani mai ƙarfi. Ya turo kuwa. Bahago yana kwance yana kallon silin.

Rana ta bakwai ya shiga ofis ya rufe ƙofa. Ya fito da wayar ya ajiye a kan tebur. Ya ce wa kansa Bahago mai ƙarfin jiki ne. Ya ce wa kansa in kwangilar ta zo, abin da zai yi wa Bahago ya fi abin da inshora za ta ba shi. Ya ce wa kansa ai aikin nan na mutum goma sha ɗaya ne da iyalansu, ba nasa shi kaɗai ba. Shin akwai ƙarya a cikin waɗannan? Kowanne yana da ƙamshin gaskiya. Haka Shaiɗan yake zuwa wa mutumin kirki. Ba ya ce masa ka cuci ɗan uwanka, sai dai ya ce ka jira jibi. Aka kira la'asar, ya mayar da wayar aljihu, ya fita ya yi alwala.

Rana ta tara wasiƙar ta zo. Ya sa hannu a kan cewa ba a yi hatsari ba, ya kai, aka ba shi aikin.

Rana ta goma sha ɗaya zazzaɓi ya rufe Bahago har ba ya gane mutane. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa babban asibitin da aka ƙi kai shi tun farko. Da aka kwance ɗinkin sai aka tarar an ɗinke da garin katako a ciki, zarton kuma ya taɓa ƙashi. Likita ya ce da an zo ranar farko, da wataƙila yatsa biyu kawai za a rasa. Aka yanke hannun daga sama da wuyan hannu. 'Yan dubiya suka yi ta shiga suna fita, waɗanda ba su san shi sosai ba suna ta cewa da sauƙi tunda hagu ce.

A satin nan Maigida ya sayo ɗan ƙarfen, ya sa aka juya murfin. Aikin bai kai awa ɗaya ba.

Ya cika alkawari da farko, wannan ma sai an faɗa. Ya biya asibiti. Duk sati yana aika kayan abinci. Amma rumfar ta canza. Wasan lokacin hutu ya mutu. Babu mai son tsayawa kan injin, wanda aka tilasta kuwa sai ya riƙa tura katako daga nesa kamar mai taɓa maciji, layin ya karkace. Wani mai fenti, wanda ya fi kowa daɗewa bayan Bahago, ya zo wata safiya ya ajiye rigarsa a ninke a kan tebur. Maigida ya tambaye shi ko ƙarin albashi yake so.

Ya ce, "A'a, Maigida. Gara in cire ta da hannuna, tun ina da shi."

Bayansa uku suka bi. Ya ɗebo sababbi daga nan da can, waɗanda ba su san katakonsa ba. Lokaci yana ƙurewa, aka yi ta aiki da gaggawa. Da aka kai ƙofofin farko otal ɗin, aka rataya, sai wasu suka ƙi rufuwa, wasu kuma in an rufe kana hango haske ta ƙasa. Injiniyan otal ɗin ya dawo da su. Aka sake, aka sake dawowa da su. A karo na uku wasiƙa ce ta zo, an karɓe aikin an ba wani. Katakon da aka riga aka yanka ya taru a rumfa, bai dace da ƙofar gidan kowa ba.

Daga nan sai sayarwa. Mota ta tafi, ƙananan injina suka bi. Abin da ake kai wa gidan Bahago duk sati ya koma duk wata, daga baya ya koma saƙon ban haƙuri. Matar Bahago ta fara fita sharar ofisoshi. Babbar 'yarsa, wadda ke karatun jinya saura shekara ɗaya, ta dawo gida.

Ranar da Maigida ya ji labarin yarinyar ne ya tashi ya tafi ofishin inshorar. Ya zauna gaban wakilin ya faɗi komai, murfin, rigar, lungun, bai rage ba. Ya ce shi a yi masa duk abin da za a yi, amma a ba Bahago haƙƙinsa. Wakilin ya saurare shi har ƙarshe. Ya tashi ya ɗauko fayil, ya nuna masa sa hannunsa a ƙarƙashin cewa ba a yi hatsari ba. Aka aika aka nemo katin ƙaramin asibitin, ga shi an rubuta a gida, daga bakin mai ciwon. Wata takwas sun wuce. Wakilin ya ce zai kai maganar sama, amma kada ya sa rai.

Amsa ta zo bayan sati uku. Ba za a biya ba. Sun soke inshorarsa saboda ƙaryar da ya sa wa hannu, sun kuma sanar da hukuma. Aka zo aka rufe rumfar. Mutane suka ba Bahago shawara ya kai Maigida kotu, amma ko ya kai, me ya rage da za a karɓa? Babban injin ma an riga an sayar.

Yau Maigida yana aikin yini a wurin wani kafinta, wanda a dā shi Maigidan ne yake ba shi ragowar aiki. Takardar nan mai gilashi tana ƙarƙashin gadonsa.

Ya daɗe yana kewaya layin su Bahago kafin wata Juma'a da yamma ya iya shiga. Ya same shi zaune a kan benci a ƙofar gida, ya danne lemo da gwiwa yana ƙoƙarin ɓarewa da dama, wuƙar tana zamewa. Ya rame. Matar ta leƙo da jin sallama, ta gan shi, ta ce ranka ya daɗe, sannu da zuwa, ta saki labule.

Maigida ya durƙusa a ƙasa, a kan titi, mutane na wucewa. Ya ce Yaya, ka yafe mini. Ya faɗa ya sake faɗa. Bahago ya ajiye wuƙar, ya ce ya tashi ya zauna, kada yara su taru. Da ya zauna sai ya miƙa masa lemon ya ce ya ɓare musu, shi ya gaji da kokawa da shi. Suka sha tare.

Can Bahago ya ce, "Hannun na yafe, ƙanina. Ni na kwance murfin, kuma da bakina na ce a gida ne. Wannan tsakanina da Ubangijina." Ya nuna labulen da haɓarsa. "Amma diyyar ba tawa ba ce ni kaɗai. Abincinsu ne, karatun yarinyar nan ne. Ba ni da ikon yafe abin da ba nawa ba. Suna ciki. Shiga ka tambaye su."

Maigida ya dubi labulen. Yana jin motsin kwanuka, yana jin muryar yarinyar tana yi wa ƙannenta faɗa su wanke hannu. Taku uku ne tsakaninsa da ƙofar. Ya miƙe, ya tsaya, ya sake zama. Da aka kira magariba ya yi sallama ya tafi.

Har yau yana zuwa. Ya zauna a kan bencin, ya taya Bahago hira, ya ɗaure masa igiyar takalmi in ta kwance. Labulen nan kuwa bai taɓa ɗaga shi ba.

Ya 'yan uwa masu shaguna, masu gareji, masu gidan burodi, masu ɗaukar mutane aikin gini, da ku nake. Wasunku ba su yi wa ma'aikata inshorar ba ma, suna cewa Allah zai kiyaye. Allah yana kiyayewa, amma shi ne ya ba ku hankalin da za ku yi tanadi. Wasunku kuma sun yi, sun rataya takardar a bango don a ba su aiki. Ku sani, wannan takarda ba ado ba ce, kuma ba taku ba ce. Amana ce ta wanda ke tsaye gaban injin, da matarsa, da 'ya'yansa waɗanda ba ku taɓa gani ba. Ranar da jini ya zuba, ba ku da ikon auna ta da kwangila.

Wane ne a cikinku yake da murfi jingine da bango yanzu haka, yana jiran sarari? Wane ne ya taɓa cewa ma'aikaci ya yi shiru, ni zan kula da kai? Da me za ka kula da shi? Kana da tabbacin abin da ke hannunka yau zai kai baɗi? Mutumin nan da zuciya ɗaya ya yi alkawarin, kuma ya so ya cika. Amma ya ɗauki haƙƙi tabbatacce ya musanya shi da alkawarin mutum, shi kuwa mutum ba ya mallakar gobensa.

Kuma ku lura da wanda ya cuta. Ba baƙo ba ne. Baƙo da ya ƙi, da ya yi ihu a asibiti ya faɗi gaskiya. Wanda yake ƙaunarsa ne kaɗai zai yarda ya yi masa ƙarya da hannu a tsage. Mu kan ji kunyar cutar na nesa, sai mu jingina da na kusa har mu karya shi, muna cewa ai ya fahimta.

Zunubin da ke tsakaninka da Allah, ka tuba yana yafewa. Haƙƙin bayinsa kuwa sai ka je ka same su. Wani lokaci ka tarar masu haƙƙin sun fi yadda ka zata yawa, wani lokaci kuma ka tarar ƙafarka ta kasa kai ka gabansu.

Ya Allah, kada ka bar mu mu ci da gumin wanda muka tauye. Ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Ka sassauta wa wanda aka cuta da iyalinsa, ka ba wancan bawa naka ikon shiga ya nemi gafara kafin a ɗauke shi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye hannuwan da muke ci da su. Amin.